Lado Dokta da Waken Surukarsa

Duk wanda ya taɓa shan shayi a Magama, bakin iyakar Jibiya, inda manyan motoci ke jeruwa suna jiran a ba su hanyar Maraɗi, ya san Lado. In ma bai gan shi ba ya ji muryarsa, domin Lado mutum ne da Allah ya yalwata wa baki ya rage masa kunne. Asalin sana'arsa dako. Wata shekara ya bi mota zuwa Maraɗi, ya samu aikin shara a wani ɗakin ajiyar hatsi, bai daɗe ba aka sallame shi. Ya dawo gida da baƙin tabarau da wata farar riga mai aljihu a ƙirji, kuma tun daga ranar ya daina amsa Lado kawai. Sai an ce Lado Dokta.

"Dokta na mi?" in ji Sadisu mai shayi, maƙwabcinsa, wanda tun suna yara ba ya raga masa.

"Na hatsi," in ji Lado. "Can inda munka yi aiki, in ƙwaro ya gagari manya, ni suke kira."

"Ka zo da tsintsiya?"

"Ita ma tsintsiyar sai da ilimi. Zuba mani shayi, ka bar abin da ya hi ƙarhinka."

Abin da ke riƙe da gidan Lado dai ba ilimin ba ne, ƙosan matarsa ne. Suwaiba tana tuya a bakin titi, direbobi na ƙasashen biyu suna layi a gabanta tun da safe. A wannan shekarar ruwan ƙarshen damina ya rusa rumbun mahaifiyarta, Inna Tsahara, a Mazanya. Da aka yi kaka sai tsohuwar ta aiko da wakenta duka gidan 'yarta: buhunan farin wake na tuya, da wani ɗan buhu guda na jan wake. Wannan ɗan buhun shi ne maganar. Iri ne da mahaifin Suwaiba ya bari, mai nuna da wuri tun kafin gero ya fitar da kai, kuma duk Mazanya babu wanda ya rage da shi sai ita. Saƙon da ta haɗo da shi gajere ne: farin na Suwaiba ne, jan amana ne, za ta zo ta karɓa in hadari ya fara haɗuwa.

Suwaiba ta fara tara toka, za ta cuɗa irin da ita ta rufe a tulu kamar yadda ta taso ta ga ana yi. Lado ya shigo ya tarar da ita.

"Toka? A gidan Dokta? So kike a yi mani dariya har Maraɗi?"

"Baban Bilki, ka bar ni in yi abin da na iya."

"Ke ba ki hangen nesa. 'Yan kasuwar garin nan ƙwaro ya hana su barci. In sunka ga waken gidana ya kai damina ko huda ɗaya babu, duk mai buhu sai ya zo ya durƙusa mani. In buɗe ofis, in sa allo, ke kau ki huta da hayaƙi."

"To, ka yi da farin. Jan nan, ko da ido ban yarda ka taɓa ba."

Lado ya ce ya ji. Jin da ya yi kuwa irin nasa ne.

Ya fara da barkono. Ya taɓa jin cewa ƙwaro ba ya son yaji, shi kuma a lissafinsa abin da ƙwaro ba ya so a busasshe, in aka ƙona shi zai fi ƙinsa. Ya cika kasko da garwashi, ya juye masa barkono ɗan munci, ya shigar ɗakin da buhunan suke. Ya ari hular kwano wajen wani ɗan acaɓa, ya kifa a ka, ya shiga ya ja ƙofa, wai zai ga mutuwar ƙwarin da idonsa.

Ƙwarin suna can tsakiyar buhu, cikin ƙwayar wake, ba su ma san ana yi ba. Unguwa ce ta sani. Hayaƙin ya bi ta tagar ɗakin ya haura katanga. Awakin maƙwabta suka kama atishawa. Mata suka fito da goyo suna salati. Masu shan shayi a teburin Sadisu suka watse, kowa da kofinsa a hannu, wasu har yau ba su dawo da kofin ba. Ladan ya ɗauki kiran azahar, tari ya sarƙe shi, sai da wani ya ƙarasa masa. Can sai ga ƙofa ta buɗe da ƙarfi, Lado ya fito da rarrafe, hular ta juya baya, hawaye da majina sun haɗu a gemu.

Sadisu ya leƙo ta kan katanga, tsumma a hanci. "Dokta, wa ya rasu?"

"Tausai na," in ji Lado yana haki. "Tausan ƙwarin. Ba ka ga yadda suke faɗuwa ba."

Suwaiba ta ɗebo wake a tafin hannu ta miƙa masa. Ƙwaro biyu suna yawo a kai cikin ƙoshin lafiya.

"Waɗanga baƙi na," in ji shi. "Yanzu sunka iso."

Bayan mai unguwa ya kira shi ya ja masa kunne, Lado ya koma kan bedi, itacen da wasu ke kira dogon yaro. Mutane sukan ɗan shafa man 'ya'yansa a wake, kaɗan, yadda zai yi sheƙi kawai. Lado ya ce kaɗan ta masu ƙaramin sani ce. Ya sayo man, ya haɗa da ruwan dakakken ganye, ya tuttula a buhun da Suwaiba ke ɗiba kullum, ya shanya, ya mayar, bai gaya wa kowa ba. Washegari ta surfa, ta wanke, ta kai niƙa, ta soya. Ƙosai ya tashi jajir gwanin sha'awa.

Wanda ya fara saye shi ne Bubakar, wani direban babbar mota ɗan Maraɗi, mutum mai ƙiba da fara'a, wanda ba ya ƙetare iyaka sai ya ci ƙosan Suwaiba. Ya jefa guda a baki. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya. Ya duba hagu, ya duba dama, ya rasa inda zai tofar saboda kunya, ya haɗiye.

"Madam, wanga ƙosai na ko kinin?"

Suwaiba ta ɗanɗana. Ba ta tambayi kowa ba, ta juya ta kalli teburin shayi inda mijinta ke zaune.

Lado ya miƙe ya gyara riga. "Jama'a, ku gode Allah! Ƙosai da maganin zazzaɓi a haɗe, kuɗin guda. A Maraɗi sai babban asibiti ake samun irin shi."

"Ni ɗan Maraɗi na, Mushe Lado," in ji Bubakar, Mushe ɗin nan kuwa Malam ke nan a Faransancin mutanen Nijar. "Asibitinmu bai taɓa yi mani wagga mugunta ba."

Ranar ko almuru ba ta yi ba labari ya kai har ƙauyen Riko. Suwaiba ta zubar da ƙullun, ta koma gida. Lado ya yanke cewa itatuwa sun ci amanarsa, lokacin maganin Bature ya yi.

Ya je kasuwa wajen mai maganin gona, ya sayi ƙwayar nan mai warin tafarnuwa da 'yan kasuwa ke jefawa cikin buhu. Mai shagon ya naɗe masa ita, ya ce ba a sa ta a gidan da mutane ke kwana, ba a taɓa ta da hannu, kuma kada danshi ya kusance ta, domin tana fitar da guba har ta kama wuta.

"Ni za ka koya ma?" in ji Lado. Ya jefa ƙullin a aljihun ƙirji ya fita.

Rana ta take, zufa ta fara keto masa. Ya ji rigar tana liƙe wa ƙirjinsa. Nan ne maganar mai shagon ta iso kunnensa, a makare kamar kullum. Ya tsaya cak. Ya tuɓe rigar a tsakiyar kasuwa, ya fizgi gora a rumfar wani, ya rataye ta a can ƙarshe, ya miƙa gaba iyakar tsawon hannunsa. Haka ya ratsa gari daga shi sai singileti, yana tafiya a karkace yana ihu, "Ku kauce! Aikin likita na!" Jama'a suka biyo shi don su ga ƙarshen abin.

Ƙarshen abin yana ƙofar gida, riƙe da matsamin ƙosai.

"In ƙwayar nan ta shigo gidan nan," in ji Suwaiba, "ni da Bilki mun hita, kuma ba dawowa."

Lado ya dubi matsamin, ya dubi jama'a. Ya ce dama gwaji yake yi ya ga ko iyalinsa sun san haɗarin magani, kuma alhamdu lillahi sun ci jarrabawa. Ya juya da gorarsa ya mayar wa mai shago.

Bubakar ne ya kawo maganar jarka, da kyakkyawar niyya, bawan Allah. Suna zaune a teburin Sadisu ya ce a wajensu mata ba su wahalar da kansu. Su busar da wake sosai, su ɗura a bido, wato jarka, har wuya, su ɗaure baki da leda su murɗa murfi. Iska ba ta shiga, ƙwaron da ke ciki ya shaƙe ya mutu.

"Sun riƙe ashe," in ji Lado. "Ni na koya masu."

Jarka kuwa ba abin nema ba ce a bakin iyaka. Akwai tsofaffi jibge a bayan gidaje, waɗanda suka gaji da safarar fetur ta hanyoyin daji. Lado ya kwaso masu araha. Sadisu ya ce ya wanke su da omo ya shanya tukuna. Lado ya ce wankewa asara ce, warin fetur ɗin ma soja ne na biyu, wanda rashin iska ya bari shi zai ƙarasa. Ya jira ranar da Suwaiba ta tafi bikin suna a Riko, ya ɗura farin waken duka, in ban da buhu guda da ya bar mata na tuya. Sai ya tsaya a gaban tulun da jan waken yake. Ya tuna kashedinta. Ya kuma tuna cewa ranar da zai nuna wa duniya aikinsa, ja zai fi fari kyau a ido. Ya tankaɗe tokar, ya ɗura irin a wata 'yar jarka, ya murɗa.

Da Suwaiba ta dawo ta ga tulu wayam, sai da maƙwabta suka shigo rabon faɗa. Aka kira Bubakar shaida. Ya duba murafen, ya matsa jarkokin, ya ce gaskiya an rufe da kyau, buɗewa yanzu ma ɓarna ce, a bar su kawai kada a taɓa. Suwaiba ta haƙura ba don ranta ya so ba. Da a ce labarin ya tsaya nan, da wataƙila Lado ya ci nasara bisa kuskure.

Amma bazara ta shigo. Wata rana da tsakar rana ya leƙa ɗakin ya ga jarkokin sun kumbura saboda zafi, cikinsu ya yi tulu-tulu. Ya kara kunne. Ya shafa gefen 'yar jarkar irin. Tausayi na gaske ya kama shi a wannan karon. Iri ai abu ne mai rai, in ji zuciyarsa, tunda in an shuka yana tsirowa. Mai rai kuwa dole ya yi numfashi. Ashe mutanen Maraɗi rabin ilimin suka ɗauka! Ya sa ƙusa a wuta, ya bi jarkokin ɗaya bayan ɗaya yana huda su a ƙarƙashin mariƙi, inda ido ba ya kaiwa. Kowace ta yi ajiyar zuciya ta saki. 'Yar jarkar irin, da yake amana ce, ya ƙara mata huji fiye da sauran. Ya fito yana jin daɗin kansa, ya riƙe sirrin don kada a sace masa fasaha.

Watanni suka shuɗe. Gajimare ya fara taruwa ta gabas, wake ya yi tsada, 'yan kasuwa suna kuka da ƙwaro. Lado ya ga lokacinsa ya yi. Ya bi rumfa rumfa yana sanarwa cewa ranar Lahadi, ranar kasuwa, zai buɗe jarkokinsa a bainar jama'a, kowa ya zo da idonsa.

Ranar ya wanke farar rigarsa, ya loda jarkokin a kura, ya lulluɓe da tamfol don kada a ga abin mamaki kafin lokaci, ya turo ta kan titi. Bai yi nisa ba ya iso shinge. Wani jami'i mai kaki ya ga kura a lulluɓe, ya ga gindin jarkoki, iska kuma ta kawo masa labari.

"Tsaya nan. Me ka ɗauko?"

"Ilimi, ranka shi daɗe."

"Ilimin ne ke warin fetur? Sauke."

Kafin a sauke tamfol wuri ya cika. Direbobi suka sauko daga motoci, 'yan dako suka ajiye kaya, Sadisu ya taho da butar shayinsa a hannu. Wani zai tsorata, amma Lado da ya ga taron sai ya ji kamar an yi masa kyauta. Ya haye kan kurar ya gyara tabarau.

"Jama'ar Najeriya da Nijar! Yau za ku ga abin da ba a taɓa gani ba. Wake tun na kaka, ba toka, ba guba. Ranka shi daɗe, matso kusa, kai ne babban baƙo."

Jami'in ya matso. Lado ya ɗaga babbar jarka, ya ji ta yi sauƙi fiye da yadda ya sani, ya ce a ransa ƙarfi ne ya ƙaru masa. Ya murɗe murfi ya karkata ta.

Gari ne ya fara zubowa. Bayansa sai ƙwari, baƙi ƙirin, suna tafasa kamar an buɗe tukunya. Suka tashi sama. Suka shiga hancin Lado, suka bi wuyan rigar jami'in, suka faɗa butar Sadisu. Jama'a suka ja da baya suna kaɗe jiki, sannan dariya ta ɓarke tun daga shinge har inda motoci suka ƙare.

"Wannan jarkar gwaji ta!" in ji Lado yana tofar da ƙwaro. "Da gangan na bar ta don a ga bambanci."

Ya buɗe ta biyu. Bambancin shi ne ta fi ta farko yawa.

Bubakar ya ɗauki jarkar ya juya ta, ya kai yatsa ƙarƙashin mariƙi. "Wa ya huda bido?"

"Ni. Don waken shi sha iska."

"To, ya sha," in ji Bubakar.

"Dokta," in ji Sadisu yana tsamo ƙwari daga shayi, "ashe kiwo kake yi ba ka gaya muna ba? Nawa kake sai da tiya?"

Jami'in ya gama kaɗe wuyansa, ya ce, "Malam, kwashe kayanka. Ba ka da laifi a wajenmu. Ga masu shari'arka can."

Lado ya bi hannunsa da kallo. Suwaiba ce tsaye a bakin taron, ta baro kaskonta a kan wuta. Kusa da ita wata 'yar tsohuwa ce siririya, da ƙullin kaya a ka, ƙurar hanya a ƙafafunta. Inna Tsahara ta ga hadari, ta biyo motar kasuwa daga Mazanya don ta karɓi amanarta.

Dariyar ta mutu da kanta. Tsohuwar ta sauke ƙullinta, ta shimfiɗa mayafinta a ƙasa. Suwaiba ta ɗauko 'yar jarkar irin, ta juye a kai. Jan gari ya tsiyayo, da ɓawo, da ƙwari. Inna Tsahara ta durƙusa ta sa hannu tana motsawa a hankali. Ta ɗago ƙwaya ɗaya, ta duba ta a rana, ta ga hasken yana ratsa ta ta kowane gefe. Suwaiba ta juya baya tana share ido, domin abin da ya rage mata na mahaifinta ke nan.

Tun da Lado ya auri 'yarta, Inna Tsahara ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, saboda kunyar surukuta. Ko ruwa za ta ba shi sai ta ce a miƙa wa maigidan. Yau ta ɗago kai ta dube shi tsakiyar ido.

"Lado. Sauko ka zauna."

Ya sauko. Ya zauna a ƙasa da farar rigarsa, a gefen titi, a gaban ƙasashe biyu.

"Tsince mani masu rai."

Haka ya duƙa yana tsinta ƙwaya ƙwaya, yana hurawa, yana dubawa. Ya cire tabarau don ya gani da kyau. Motoci suka wuce, kasuwa ta ci ta fara watsewa, bai ɗago ba. Sadisu, da duk tsiyarsa, ya kawo masa ruwa ya ajiye. Da la'asar ta yi, abin da ya samu marar huda bai cika tafin hannun tsohuwar ba, shi ma yana ɗan warin fetur.

Ta karɓa, ta shinshina, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta miƙo hannun gaban fuskarsa.

"Kai da ka san komi. Wanga zai tsira?"

Lado ya buɗe baki. Maraɗi ta zo masa har kan harshe. Ya dubi 'yan ƙwayoyin, ya dubi Suwaiba, ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi.

"Ban sani ba, Inna."

Tsohuwar ta ƙulle irin a bakin zanenta, ta ja ƙullin da haƙori.

"Madalla," in ji ta. "Ran shuka ka taho Mazanya da sungumi. Mu je mu gani tare."